Muryar Kawu Sodangi

Tungar Kalgo, ƙasar Shagari
Bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga uwargijiyata ta ƙarya, Safinatu ɗiyar Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda za ta iske ki cikin sauƙi, ke da jaririnki da maigidanki Sha'aibu tela da mutanen Bodinga baki ɗaya. Ya jikin? Ya wurin ɗinkin? An ce likita ya hana ki hawa mota sai inda anka yi miki aiki ya warke. Allah Ya ƙara sauƙi. An kuma ce yaron ya ɗauko hancin ubansa. Wannan kam sai haƙuri, babu likitan da ke gyara shi.

Maniru direba ya kawo mini saƙonki, wai in daina turo miki saƙon murya, ba ki sanin ko ni ne ko wani, tun ranar da na gaishe ki da muryar surukarki kinka durƙusa wa waya. To ga rubutun hannuna da ajami, irin wanda Kawu ya koya muna da bulala a zaure ɗaya. Shi kam ba ni iya kwaikwayon na kowa, nawa ma da ƙyar nake karanta shi.

Kin ce in ba ki labarin gida, kada in sa gishiri. Bana garin ba ya bukatar gishirina.

Tun ranar da anka faɗi sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a rediyo, garinmu ya tsage biyu kamar goro. Rabi na cewa sun ci, rabi na cewa an ƙwace musu. Ni na raɗa musu suna, 'yan Mun-ci da 'yan An-ƙwace, sunan kuwa ya kama su har su da kansu suna amsawa. An ce magana tana kotu can Abuja. Masu shari'ar ba wanda ya taɓa jin sunan Tungar Kalgo, amma nan masu shayi biyu gare mu yanzu, mahauta biyu, har injin niƙa kowace mace ta san wanda mijinta ya yarda ta aika. Kwanon tuwon da ke tsallaka katanga da magariba ya daina tsallakawa. Kowa na da saƙon murya cikin wayarsa, wani mutum da ba a san fuskarsa ba yana rantsuwa da Allah shi ya gani da idonsa. Na wancan ɓangaren ma haka yake rantsuwa.

Da faɗa ake yi da na ji daɗi, kin san ni da kallon faɗa. Ba a faɗa. Shiru ake yi. In ka ratsa gari da hantsi sai ka riƙa jin takunka. Ka yi wa majalisa sallama, sai an ɗaga kai an dube ka, an tuna ɗan gidan wa ne kai, kana a amsa. Sana'ata ta mutu. Rannan wurin mai shayi na kwaikwayi Liman, na juya na kwaikwayi Attahiru mai taki, jagoran 'yan An-ƙwace, yadda yake jan hanci kafin ya ce dimokuraɗiyya. Da a da ne, da an ɓarar da shayi don dariya. Ba wanda ya motsa. Wani dattijo ya matso ya tambaye ni a hankali wa ya aiko ni.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne Husaini mai albasa. Na san kin ji ya rasu, amma ba ki ji yadda anka kai shi ba. Ranar kuwa Kawu, ladanin gari, ya tafi Shagari neman maganin tari, babu mai sanarwa a lasifika. 'Yan'uwan mamacin, da yake 'yan An-ƙwace ne, sunka bi gida gida suna faɗi. 'Yan Mun-ci sunka ce dabara ce ta tara mutane a ɗauki hoto a ce zanga-zanga anka yi, wai an yi haka a wani gari, sun gani a waya. Sai ga makara ta fito. Safinatu, da idona na gani. Ana ratsawa da gawar mutumin da babu gonar da bai ba irin albasa ba a garin nan, maza na zaune ƙofar gidajensu suna kallo. Sun gane gaskiya ce, amma kowa na jiran na kusa da shi ya fara tashi. Har makara ta sha kwana ba wanda ya tashi. Ba a jin komai sai takun masu ɗauka.

Kawu ya dawo ya iske an gama. Bai taɓa tuwonsa ba. Ina gyara masa batirin lasifika ya ce mini, “Zainu, in tawa ta zo, haka za a ratsa da ni, rabin gari na kallo?” Na ce masa ai shi mutuwa ma ta san zafin bulalarsa, ba ta matsowa. Bai ɗaga sanda ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Kin san mahaifinki bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Ranar zaɓe kowa ya dawo da tawada a yatsa, shi nasa fari tas. Yanzu shi kaɗai ya rage wanda in ya faɗi magana a lasifika ba a tambayar wa ya aiko shi. Liman kuwa, ɗansa ya yi wa 'yan Mun-ci wakilcin akwati, don haka rabin sahu da ƙyar suke bin sa. Attahiru ya sa an buga tubali an jera bayan tsamiya. Ya ce muddin Malam Sodangi ke kiran salla za su zo tsohon masallaci, ranar da wata murya ta fito daga lasifikar nan kuwa, ranar za su aza harsashin nasu.

Tarin nasa da sauƙi, kada ki tayar da hankalinki. Innarki na gaishe ki, ta ce ki dage da kunun kanwa. Ki gaida Sha'aibu, ki ce masa rigar Sallar da ya ɗinka mini hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko ita ma rabinta Mun-ci ce rabi An-ƙwace.

Ni ne wanda kike kira bawanki alhali ba ki taɓa ciyar da shi ba,
Zainulabidin


Tungar Kalgo
Ranar kasuwar Shagari

Safinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin tashi lafiya, jiki na ƙara ƙarfi, jariri na tsotso. Na samu amsarki hannun Maniru, tare da ƙuli-ƙulin da kinka ce rabi na Inna ne. Inna ta gode ƙwarai da labarinsa.

Wagga takarda ki karanta ta ke kaɗai. Kada Sha'aibu ya leƙa, shi kuma Maniru na liƙe bakinta da ƙaro saboda shi.

Kin rubuto cewa hankalinki ya kwanta, wai da kinka kira Inna da magariba kin jiyo Baba na kiran salla ta cikin waya, muryarsa garau kamar ba mai tari ba. Na daɗe riƙe da alƙalami a kan wagga magana. Ba shi kinka ji ba. Ni ne.

Kin san tun da ƙafarsa ta fara hana shi tafiya, ɓarayi kuma sunka ɗauke batirin masallaci, na'urar ta koma ɗakinsa, waya ta bi ta kan katanga zuwa lasifikar da ke bisa rufin masallaci. Daga zaune yake kira. Makon da ya wuce da magariba ina ɗakin, na kunna masa, ya kai abin magana bakinsa, ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya sake, haka. Lasifika ta kai wa gari wannan hucin kamar ana hura wuta. Rana na faɗuwa. Sai ya kama wuyan rigata ya jawo ni ƙasa, ya danƙa mini abin maganar. Na ɗauka so yake in kira da muryata. Ya girgiza kai, ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna bakina.

Ke shaida ce yawan dukan da na sha kan kwaikwayonsa, yadda yake gyaran murya kafin kabbara, da yadda sautin ke karyewa a ƙarshen hayya alal falah kamar zai yi kuka. Har kin taɓa tona ni don a ba ki ragowar furata, ban manta ba. Ranar shi ne ya roƙe ni da ido. Na rufe nawa idon na kira. Da na gama na ji takun mutane ta bayan katanga, daga gabas da yamma, suna nufar masallaci ɗaya.

Tun daga ranar muryar ba ta dawo ba. Na ce a kai shi asibiti, ya ƙi. Na gane dalili, in an gan shi cikin mota a hanyar Shagari kuma anka ji shi a lasifika, magana ta ƙare. Magani dai nake sayowa, ruwan zuma da citta kuma Inna ba ta fasa ba.

Za ki ce masu dubiya fa. Nan Innarki ta fi ni iya shiri, ban san daga wurinta kinka gado ba sai yanzu. Ta ce Malam ya shiga halwa yana roƙa wa gari zaman lafiya, ba ya ganin kowa, ba ya magana da kowa, sai kiran salla da sanarwa. Kowa ya yarda. 'Yan Mun-ci na ganin su yake wa addu'a, 'yan An-ƙwace ma haka suke gani, har ana aiko masa da fura daga ɓangare biyu, ni ke shanyewa don kada a yi ɓarna. Ta ƙofar baya nake shiga, ta wajen turken awaki. Ba wanda ke neman inda nake lokacin salla, dama an san ni da makara. A ɗakin nake yin tawa, yana bi na daga kwance. Ki duba fa, ni Zainu, na zama limamin Malam Sodangi.

Inna ta ce in kin sake kira in karɓi waya in sa wa jariri albarka da muryar Baba, don ki ji sanyi. Na ƙi. Na yi miki wasa da muryar kowa, amma na yi alkawari ba ni yi miki da wagga. Shi ya sa na gaya miki gaskiya. Bayan mu uku da ke gidan nan, ke kaɗai kika sani a duniya.

Kada ki ce za ki taso. Hanyar da ta rabu daga Lambara zuwa nan ko mai lafiya sai ta kwance masa gaɓoɓi. Ki yi masa addu'a daga nan, ki yi mini ni ma, don ban taɓa yin wasan da ba dariya a ƙarshensa ba sai wanga.

Naki,
Zainu, ladanin bayan labule


Tungar Kalgo
Hadari na haɗuwa yana watsewa

Safinatu,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya yaro, ya zafin Bodinga? Nan ma sai godiya. Kowa ya gyara gona yana duban gabas.

Na karanta faɗan da kinka yi mini. Kin ce in ji tsoron Allah. Ina ji. Lokaci daidai nake kira, kalmomi daidai, da alwalata. Muryar ce kawai aro, mai ita kuma shi ya ba ni da hannunsa. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da ya fara damuna, ba kuma irin wanda kike nufi ba.

Jiya na dawo daga fadama na tsaya tsakar gida na ce a ba ni ruwa. Da muryata na faɗa, ko haka nake zato. Inna ta amsa daga madafa, na'am Malam, ta fito da sauri riƙe da moɗa. Da ta gan ni ta tsaya cik. Ta miƙo mini moɗar ta koma madafa. Awakin gidan, da ko dusa na riƙe ba su kula ni, yanzu in na yi gyaran murya sai su ɗago kai su taho.

In ina kira, Kawu na kwance yana kallon bakina, leɓɓansa na motsi tare da nawa. Wani lokaci sai in rasa wa ke bin wani. Ya rame ƙwarai, kunu ma da ƙyar yake wucewa. Idanun ne kawai ba su canza ba, irin waɗanda ke gano ka ko ka ɓoye bayan allo.

Sanarwa ma ni ke yi. A zo a gaya wa Inna, ta gaya muna, in Kawu ya gyaɗa kai in faɗa. Akuya ta ɓace, an haihu gidan wane, za a gyara rijiya. Masu rigakafi sun zo da motarsu da tasu lasifikar sunka zagaye gari, ba wanda ya fito da yaro, wai ba a san wace gwamnati ta aiko su ba. Sai da Sodangi ya faɗa kana mata sunka yi layi. Mutanen Liman sun aiko a sanar cewa kotu ta kusa tabbatar musu, mutanen Attahiru sun aiko a sanar cewa ta kusa rushewa. Duka biyun Kawu ya kaɗa yatsa, farin yatsan nan nasa.

Shekaranjiya Attahiru ya zo da kansa. Ya durƙusa bayan labulen ƙofa, ina ciki na riƙe numfashi, ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙarƙashin labule. Ya gaida Malam, bai jira amsa ba tunda halwa ce. Ya ce shi fa ba son raba masallaci yake ba, amma ya kai inda ko ɗan'uwansa ya ce masa ruwa ya sauka sai ya fita ya taɓa ƙasa. Ya ce rediyo ya yi masa ƙarya, waya ta yi masa ƙarya, har nasa mutanen ya kama su da ƙarya, Malam kaɗai ya rage masa. Ya daɗe a durƙushe kana ya tafi. Ni da nake ganin mutumin nan abin kwaikwayo ne, tun ranar ban iya jan hancinsa ba.

Bayan tafiyarsa na ce wa Kawu mu faɗi gaskiya tun yana da rai, a tara gari a gabansa a daidaita. Ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba, ya nuna wajen hanyar da anka bi da Husaini. Na gane. In tubalin nan ya hau, ranar tasa rabi ne za su zo. So yake ya riƙe su sahu ɗaya har a sallace shi. Abin da zai biyo bayan nan, ban san mi yake tunani ba, ni ma ban san mi zan yi ba.

Yau ban da tsokanar da zan yi miki. Ki ajiye mini ita, in na zo Bodinga in biya ki da riba.

Ɗan'uwanki,
Zainu


Tungar Kalgo
Bayan saukar ruwan fari

Zuwa ga 'yar'uwata Safinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabari, Ya sa kiran da ya yi shekara da shekaru ya zame masa haske. Ya jikinki da na yaro? Na san zafin da kike ji, an rufe shi ba ki gan shi ba.

Maniru ya ce magana ta cika tashar Bodinga, wai wani ladan a ƙasar Shagari ya yi sanarwar mutuwarsa da bakinsa. Wasu na cewa karama ce, wasu na cewa na'ura ce irin ta 'yan siyasa mai ƙirƙirar murya. Ke ɗiyarsa ce, ya kamata ki ji daga wanda ke cikin ɗakin.

Ranar na kira azahar yana kallona kamar kullum, na tafi fadama kwashe sauran albasa kafin ruwa ya iske ta. Ashe bayan fitata kaɗan ya cika. Inna ta lulluɓe shi, ta sa hijabi ta nufi gidan Liman da kanta, don ba ta da wanda za ta aika. Ni kuwa na shagala, sai da na ga inuwa ta yi tsawo na sheƙo a guje, na shiga ta turken awaki. Na gan shi a rufe har kai, na ce barci yake, ƙuda ke damunsa. Na ba shi baya, na kunna na'ura, na yi gyaran murya, na kira la'asar.

Lokacin Inna na durƙushe a zauren Liman gaban dattawa, ta gama faɗin Malam ya rasu ke nan. Sai muryarsa ta fito bisa kansu. Ta ce mini wani tsoho ya saki carbinsa ya faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka har anka gama kiran.

Liman ya zo ya buɗe fuskarsa ya gani, sai lokacin na san ya cika. Ya dube ni, ya dubi abin maganar da ke hannuna. Anka yi masa wanka, anka sa shi a likkafani, samari sunka tafi haƙa. Amma labari ya riga ya isa gindin tsamiya, majalisar 'yan An-ƙwace, su kuwa sunka ce dabara ce, 'yan Mun-ci na son kashe Malam da baki su naɗa nasu ladan, ai yanzun nan ya kira la'asar. Na kunna lasifika na yi sanarwa da muryata, ina kuka. Sai na jiyo dariya daga wajen tsamiya, dariyar da na yi wata da watanni ina nema a garin nan. Wai Zainu ne, an saye shi.

Na tafi wurinsu da ƙafata. Na rantse. Na ce su zo su ga fuskarsa. Na ce ni ne ke kiran tun da anka ce ya shiga halwa. Wani ya ce in ni ne in yi su ji. Na buɗe baki in yi musu, Safinatu, iska kawai ta fito, irin tasa ta ranar farko. Ba wanda ya tashi, kowa na duban na kusa da shi kamar ranar Husaini. Attahiru bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “Da kunnenmu munka ji shi. Sai in shi ya gaya muna ya mutu.”

Na dawo na iske an kawo makara ƙofar gida. Liman ya ce rana na faɗuwa, ba a ajiye gawa cikin wanga zafi, za a sallace shi da wanda ya samu. Na dubi hanyar maƙabarta. Ta gaban tsamiya take bi.

Na ce a ba ni kaɗan. Na shiga ɗakin na saki labule. Yana kwance cikin farin ƙyalle. Na zauna inda na saba, amma wanga karo na fuskance shi. Ban shirya abin da zan faɗa ba. Gyaran muryar ya zo da kansa.

“Assalamu alaikum jama'ar Tungar Kalgo. Sodangi ladan ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi raina yau bayan azahar. Na daɗe ina kiranku kuna zuwa. Ku zo ku kai ni, dukanku.”

Na kashe na'ura. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ko kaza ba ta yi kuka ba. Can sai na fara jin ƙarar buta, ana zuba ruwa, gida bayan gida ana alwala. Sannan taku.

Sun zo duka. Filin bayan masallaci ya cika har bakin hanya, ba a tsaya duba wa ke kusa da wa ba. Attahiru ya tsaya bayan Liman kai tsaye, da anka ɗaga makara kuma kafaɗarsa na jikin ta ɗan Liman. Munka ratsa gari, na riƙa duban ƙofofi, ba namiji ko ɗaya a zaune. Mahaifinki ya samu abin da ya roƙa. Wannan nake son ki riƙe, ko mi kinka ji a tasha.

A maƙabarta ba wanda ya dube ni. Har yau ba wanda ya tambaye ni. Sun sani, ai ni na gaya musu da bakina. Muna dawowa magariba ta yi, anka yi cirko-cirko ƙofar masallaci, ba ladan. Liman ya dubi ƙasa, Attahiru ya dubi ƙasa, sannan su biyu sunka ɗaga kai sunka dubi wayar da ta bi ta kan katanga. Na zagaya na shiga ɗakin. Allah Ya sani da tawa muryar na yi niyyar kira. Tasa ce ta fito. Na ji su suna shiga, sahu ɗaya.

Haka muke har yanzu. Ba a naɗa ladan ba, ba wanda ya tayar da zancen. Masu shayi dai biyu ne, mahauta biyu, kotu na can tana abinta. Ruwan fari ya sauka a kan tubalin bayan tsamiya, ba wanda ya rufe shi, ya fara narkewa. In akuya ta ɓace, mai ita zuwa yake ƙofar ɗakin ya durƙusa bayan labule ya gaya wa Malam. Jiya Attahiru ya zo ya gaishe shi.

Tawa muryar na neme ta. A fadama, ni kaɗai, na gwada kiran sunana, na gwada ta Liman, na gwada ta surukarki, duk sun tafi. Inna kuwa da hannu nake yi mata magana yanzu, don in na buɗe baki sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Tana takaba, ga muryar mijinta na neman ruwa a tsakar gida.

An ce likita ya yarda ki taho mako mai zuwa. Ki zo, Inna na bukatarki. Roƙona ɗaya ne, kafin nan kada ki kira wayata. In kin iso kinka gaishe ni na ɗaga miki hannu kawai, kada ki ce wulaƙanci ne ko wani sabon wasa. Na yi miki alkawari ba ni yi miki wasa da wagga murya, ita kaɗai kuma ta rage mini.

Inuwa ta fara tsawo, za ni in kunna na'ura. Ki gaida Sha'aibu, ki shafa mini kan yaro. Rubutun dai ki duba shi da kyau, har yanzu nawa ne.

Wassalam,
Zainulabidin